Ruwan Alhamis

Tun da safe dattijo Don Celerino yake saman ɗaki sanye da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, yana leƙen sama. Ba girgije ko na magani.

A gabansa na'urar dumama ruwa take, wadda ɗansu ya saya musu kafin ya ƙetara iyakar ƙasa ya yi arewa neman aiki: tanki a kwance, ga bututun gilashi jere a ƙarƙashinsa suna shan rana. Ruwan cikinta ya ƙare tun shekaranjiya. Gilashin kuwa in ya sha rana babu ruwa, zafi yake ɗauka kamar tanda, ruwan sanyi na shiga ya fashe. Wanda ya haɗa ta, Allah ya shirye shi, famfo ɗaya ya sa wa na'urar da tankin gida.

A unguwarsu ta gefen birnin Ecatepec ranar Alhamis kaɗai ake sako ruwa, ba a faɗin lokaci, ba ya kuma daɗewa. In gari ya lumshe, sai ya bar famfon a buɗe ya tafi harkarsa. In rana ta take, dole ya rufe, ya zauna gadi, ruwa na zuwa ya cika durom-durom da tiyo. Yau Alhamis, yau kuma ake binne Nicanor, amininsa, wanda ya tsaya a matsayin uba ranar baftismar ɗansa.

"Tsoho," matarsa Eufrosina ta kira daga tsakar gida, inda take kan keken guragun da ciwon gaɓoɓi ya zaunar da ita a kai. "Me rediyo ya ce?"

"Wai hadari da rana tsaka."

"Jiya ma haka ya ce. Ka rufe ka tafi mana."

"Mu sha me har mako?"

"To ka buɗe ka tafi."

"In dawo in share gilashi? Ke ce fa in ruwan sanyi ya taɓa ki, sai unguwa ta ji."

Ta kawar da kai. Shi ma bai so ya faɗa ba.

Can bayan tsauni wani ɗan girgije ya leƙo. Celerino ya miƙe, ya jiƙa yatsa da miyau ya ɗaga don ya ji iska. Yamma take kaɗa girgijen. Ya bi shi da ido har ya narke. Ya kai bayan hannu kusa da bakin tankin, ya janye da sauri.

Sai ya ji kakaki da ganga. Masu ɗauke da gawar sun shawo kwana, za su bi ta ƙofar gidansa zuwa maƙabarta. Macario mai gyaran taya ya ɗaga kai daga cikin jama'a.

"Don Cele, abokinka ne fa a akwati. Ko sai matarka ta gilashi ta ba ka izini?"

"Ku yi gaba, Macario, zan cim muku."

Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Akwatin ya zo daidai ƙofarsa, ya ga furannin da ke kai da fuskar matar mamacin, wadda ba ta ɗago ba. Ya nufi ƙasa, ya taka matakala ɗaya, ya taka ta biyu.

A bayansa bututu ya yi tari, ya tofar da iska, ya soma gurnani.

"Tsoho, ya zo," in ji Eufrosina a hankali.

Ya daɗe tsaye a kan matakalar. Sannan ya koma sama, ya rataye kwat ɗin a igiyar shanya, ya tura tiyo cikin durom na farko. Ƙarar ruwan ta rufe kakakin tun kafin su kai ƙarshen layi.