Kujerar da Sannu-Sannu Ya Sa wa Hannu

Shekara ashirin da shida Sannu-Sannu yana duba jirage, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Sunan ma a wurin aikin ya samo shi, domin mutum ne da zai shafe rabin awa a kan ƙusa ɗaya, ko da matuƙi zai mutu da haushi.

Sai ga takarda daga hukumar jiragen sama: a duba kujerun matuƙa kaf. Akwai maɓalli a bayan kujerar, da murfi a kansa. In murfin ya saki, ko dafa shi aka yi sai kujera ta tafi gaba, ta matse matuƙi da sitiyari, jirgi ya yi ƙasa da kai. Da safe ya shiga wani jirgi, ya danna murfin sau uku, kujera ko gezau, ya sa hannu.

Da rana, yana laluba aljihu zai sayi ruwa, ya ji jan ƙyalle. Ɗabi'arsu ce, kafin ka sa yatsu ƙarƙashin kujera sai ka kashe wutarta, ka rataya ƙyalle a wurin. Sai ya tuna: da safen ya kashe, ya rataya, ya danna murfin, sannan ya mayar da wuta. Kujerar da ba wuta, ina za ta motsa?

Ta tagar ofis yana hango fasinjoji suna hawa jirgin, har da wata mai goyo tana fama da jaka. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi magana, a karɓe lasisinsa, ga shi wata biyar ya rage ya yi ritaya. In ya yi shiru, wataƙila murfin lafiya lau. Wataƙila. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba, ya zauna ya tashi har sau biyu.

Ya hau jirgin, ya tarar da kyaftin ɗin, yarinyar da ya sani tun tana koyon tuƙi, ta riga ta ɗaura bel.

"Baba, lafiya? Ba dai wata ƙusar ka tuna ba?" ta ce tana dariya.

"Ɗan tashi, 'yata."

Ya zauna a wurinta. "Dafa murfin nan na baya. Kar ki danna, dafawa kawai."

Ta dafa. Kujera ta yi ƙugi ta tafi, gwiwoyinsa suka daki ƙarfe, sitiyari ya nutse masa a tumbi. Ta janye hannu, kujera ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ba gaba, ba baya, numfashi ma da ƙyar.

Dariya ta ɗauke daga fuskarta. Ta jawo littafin jirgin tana buɗawa.

"Wane maras imani ne ya sa wa kujerar nan hannu?"

"Ba sai kin duba ba," ya ce. "Ni ne. Ki sa a sauke mutanen nan tukuna, sannan a fitar da ni."