Dalma a Jinin Auta

Tun tana rarrafe Auta take wuni a shagon babanta, mai gyaran batirin mota, wanda ke manne da gidansu. Nan yake fasa tsofaffin batura, ya narkar da dalmar ciki a kasko, ita kuma tana gefe tana wasa da murafansu.

Da ta shiga aji biyu sai karatu ya ƙi. Harafin da aka koya mata da safe, kafin a tashi ya gudu. Ga yawan ciwon ciki, ga saurin fushi. Baban ya ɗauka wasa ne ya yi mata yawa.

"Yayyenki duk ba haka suke ba. Ke kanki kamar kwando!" in ji shi, har da rankwashi.

Wata rana malamarsu ta rako ta gida. Ta tarar da hayaƙi ya cika shagon, ta ga Auta ta zauna a ƙasa ta ɓare lemo da hannu duk ƙura.

"Baban Auta, yarinyar nan tana ƙoƙari, har kuka take yi a kan littafi. Don Allah a gwada jininta."

"Jini kuma, Malama? Ai lafiyarta ƙalau."

Ta dai yi ta roƙo har ya yarda. Da sakamako ya fito, likita ta ce gubar dalma ce ta taru a jikinta, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Baban ya kalli baƙaƙen faratansa.

"Likita, ni na yi mata ke nan?"

"Ba ka sani ba ne. Magani zai rage gubar, amma ba zan ce komai zai dawo ba. Sai an bi ta a hankali."

A makon ya kwashe shagon zuwa bayan gari. Ya kankare ƙasar tsohon wurin, aka zuba siminti. Yanzu can yake wanka ya sake kaya kafin ya dawo gida. Ya bi maƙwabta yana faɗa musu illar dalma. Wasu suka yi dariya, mutum biyu suka kai yaransu asibiti.

Auta ta maimaita aji biyu. Kullum da yamma yakan zauna da ita a tabarma, ta ɗora yatsa a kan layi tana haɗa baƙi. In ta kakare sai ta ɗago a tsorace.

"Ba komai, uwata," yakan ce. "Mu sake daga farko."