Minti Uku a Ƙofar Tela

'Yar Sauri ake ce mata a ofis, kuma ba zagi ba ne. Aikinsu bin gida-gida da kwamfutar hannu, a tambaya mutum nawa ke kwana a gidan, ina ake ɗebo ruwa, yara nawa ke zuwa makaranta. Kafin abokan aiki su gama gida takwas suna haki, ita ta yi goma sha biyu har ta wanke ƙafa. Oga, shugaban tawagar, abu ɗaya yake nanatawa har kunne ya gaji: in an gama tambaya a fito ƙofar gidan, a tsaya inda ake ganin sama, a jira na'urar ta kama tauraron ɗan'adam, sai kuskurenta ya sauko ƙasa da mita biyar sannan a danna. Da lambobin da na'urar ta bayar ake gane gida in za a koma. Ƙofar gida fa, ba bakin titi ba!

Shekara biyu bayan sun yi unguwar kan tudu, aka yi ruwa kwana huɗu ba ɗaukewa. Tudun ya zaftaro ya rufe unguwar gaba ɗaya. Motocin haƙa suka yi sati biyu, suka fitar da wanda suka samu, suka tafi.

Wata safiya wani tsoho ya shigo ofishin, tef ɗin awo rataye a wuyansa, hannunsa riƙe da takarda cikin leda. Takardar amincewa ce da suke bar wa kowane gida, da lamba arba'in da bakwai a samanta. Ya ce shi tela ne. Ranar da abin ya faru yana shago a kasuwa, matarsa na gida, kuma har yau ba a same ta ba. Takardar ma a aljihun keken ɗinkinsa ta tsira.

"Na je na tsaya, wallahi ban gane inda ƙofata take ba," in ji shi. "Shekara talatin da ɗaya ina shiga ta. Sai na tuna uwargida ta ce wata yarinya ta saka ƙofarmu a cikin na'ura. Ku nuna mini wurin kawai, haƙan ni zan yi."

Oga ya dubi takardar. Doka ta hana fitar da bayanin kowa, amma gidan mutum ne, ga takardarsa a hannu. Ya duba rajista, ya ce, "'Yar Sauri, ke kika yi gidan. Raka Baba."

Ta tuna unguwar sarai: lungu matsattse, kwanon wannan gida ya hau na wancan, sama kamar zare. A wasu gidaje na'urar ta ƙi kamawa, ita kuma ta gaji da jira, ta sauko ta danna a inda ta samu sarari. Gida uku ta yi wa haka, ko huɗu. Ba wanda ya kama ta, tunda duk cikin unguwar ne. Shin arba'in da bakwai na ciki? Tun daga ofis har cikin mota addu'a ɗaya take yi, Allah ya sa ba ya ciki.

Tsohon ya rungume shebur ɗinsa a motar yana ba ta labari. Wai da 'Yar Sauri ta tambaya wane ne mai gidan, uwargida ta ce a rubuta shi, amma a sa alamar tambaya. Ya yi dariya, ya share ido da bakin tef.

Nan ta tuna matar. Gajera ce, mai wushirya, ta fito da kofin ruwa ta same ta a ƙofa tana ɗaga na'ura sama kamar mai shanya. Ta ce, "Haba 'yar nan, za ki narke! Wannan abin bai fi ki ba. Sha ki tafi, rana ta yi yawa." Ta sha. Abin da ya biyo baya ne ta ƙi bari zuciyarta ta ƙarasa.

Suka sauka a tasha, gindin tudun. Kai, wurin ba kyan gani. Jar ƙasa ce shimfiɗe daga sama har ƙasa, ba lungu, ba bango, sai ƙarfen gado a can da murfin tukunya a nan. Ta kunna na'urar, ta saka lambobin. Yau da ba rufin da zai tare sama, nan take ta kama. Tsohon ya riga ya juya ya fuskanci tudu, ya gyara shebur a kafaɗa.

Kibiyar na'urar ba ta nuna tudu ba. Ta nuna hagu, saura mita goma sha biyu. Ta bi, shi kuma yana binta. Takwas, biyar, biyu. Suka tsaya a kan kwalbatin bakin titi, ƙarƙashin rumfar masu jiran mota, inda ko laka ba ta taɓa ba.

Ya dubi kwalta, ya dubi fuskarta. "'Yata, nan ai tasha ce."

Tana iya cewa na'urar ce ta rikice, kuma zai yarda, me ya sani game da tauraro? Amma ta kasa. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba a shirya masa.

"Baba, ni ce. Ta ƙi kamawa a ƙofarku, ban jira ba. Na sauko na zauna a nan, a inuwa, na danna. Ba ni da ƙofarku, Baba. Ban taɓa ɗaukarta ba."

Ta so ya zage ta, wallahi da ya fi mata sauƙi. Shi kuwa ya sauke shebur ɗin, ya zauna a kan kwalbatin, daidai inda ta zauna shekara biyu da suka wuce. Mota ta tsaya, ta kwashi mutane, ta wuce.

"Ita ta ce ki tafi, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Na sani. Ba ta iya ganin mutum a rana." Ya murza takardar cikin ledarta. "Da kin jira, awa nawa zai ɗauka?"

"Ba awa ba ne, Baba."

"To nawa?"

"Minti uku. Ko biyar."

Ya maimaita a hankali, minti uku, kamar yana duba awon da ya yanke ba daidai ba. Sannan ya miƙa mata takardar, ya ce ta riƙe, ba ta da sauran amfani a wurinsa. Ya ɗauki shebur ya hau tudun.

Ta bi shi da ido. Ya yi nisa, ya tsaya, ya duba dama, ya duba hagu, ya matsa gaba kaɗan, ya dawo baya. Can ya zaɓi wani wuri da bai bambanta da ko'ina ba, ya kafa shebur.

Na'urar na hannunta a kunne, tana nuna mata cewa ta iso.