Sallamar da Shinge Ya Haɗiye

Zazzaɓin ya rufe ni ne bayan azahar, ina cikin shirya maganganun da zan kori mai gyaran shinge da su. 'Yata Ummita ce ta nemo shi ta waya daga Kaduna, wai sunansa Tanimu, wai gwani ne, wai zai zo da la'asar. Na ce mata shingen lallen nan mahaifiyarta Kuluwa ce ta dasa shi, hannunta ne na ƙarshe da ya taɓa shi, kuma shekara uku ke nan da rasuwarta ban bar ƙarfe ya kusance shi ba. Ta ce, "Baba, ko ƙofar gidan fa ba a gani." Na ce wa zai gani? Tun da aka yi sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke. Har Alhaji Sanda, maƙwabcina da muka shekara talatin muna dara, ko leƙe babu. Kewa tana cina, amma fushi ya fi ta baki. Na ja bargo a ɗakin baya, rediyo na ta surutunsa, ido ya yi mini nauyi.

Sai ga ni tsaye a tsakar gida. Shingen ya miƙe har ya haɗe a sama, rana tana tsiyayowa kore-kore ta tsakanin ganye. A gabana wani mutum ne da malafa wadda ta rufe masa fuska, kusa da shi almakashi mai tsawon mutum, tsaye da ƙafafunsa biyu yana karkaɗa ƙugu. Ba wanda ya gaya mini, na dai san Tanimu ne.

"Kai, wa ya ba ka izinin shigowa?"

"Ban shigo ba, Baba. Ba a amsa mini ba tukuna."

Na buɗe baki zan ce ga ka kuwa a gabana, sai almakashin ya yi ƙaras, ya ce, "Biyo mu, tsoho. Akwai ajiyarka."

Tsoho! Ƙarfen da ko shekarun takalmina bai yi ba. Na yi tsaki, amma na bi su.

Muka kutsa cikin shingen. Ashe gari ne guda a ciki, lungu bayan lungu, ba mutum ko ɗaya, ƙasa kuwa duk busasshen furen lalle, ƙamshinsa irin na mayafin Kuluwa. A kowane reshe wasu 'ya'ya suna reto, masu girman goruba, uku-uku a haɗe. Ni dai a sanina lalle ba ya irin waɗannan 'ya'ya. Almakashin ya ɗaga ƙafa ya tsinke ɗaya. Ya faɗo ya fashe, sai murya ta fito:

"Salamu alaikum."

Limamin unguwarmu ne. Aka tsinke na biyu, shi ne dai, ya ɗan ƙara ƙarfi. Na uku ya fashe a hankali, sai ƙarar takalmi yana nisa.

"Me ya sa uku-uku?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Haka ake yi," in ji Tanimu. "In an yi uku ba a amsa ba, mai kunya juyawa yake."

Suka ci gaba da tsinka. Ga muryar Yaya Tabawa, yayar Kuluwa, har da ƙarar murfin kwano a hannunta. Ga wani tsohon ɗalibina da na taɓa zanewa a kan lissafi. Ga mai gyaran famfo da na yi wata biyu ina zaginsa a kan bai zo ba. Muryoyin suka cika lungun suna neman inda za su sauka, ba wanda ya tare su. Kunya ta kama ni, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa.

Daga nan hanyar ta gangara, muka iso wani reshe da nauyi ya kwantar har ƙasa.

"Wannan duk na mutum ɗaya ne," in ji almakashin. "Kowace Juma'a."

Tun kafin a fasa na san na Sanda ne. Na farkon da ƙarfinsu, har da tsokana: "Salamu alaikum, ko tsoron ci ne ya ɓoye ka?" Na tsakiya sallama ce kawai. Na ƙarshen kuwa sai da na sunkuya na kara kunne, murya ta sirance, tari yana yanke ta, sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa. A can ƙarshen reshen biyu ne kacal.

"Ina na ukun?"

"Numfashin bai kai ba," in ji Tanimu.

Na yunƙura zan amsa, in amsa duka gaba ɗaya, sai na ji bakina cike da ganye. Ina tofarwa wani yana tsirowa.

Ban san yadda aka yi ba, lungun ya buɗe, ga ni a ƙofar gidanmu kamar yadda take a da. Shingen gajere, a daidaice. Kuluwa tana daga ɗaya ɓarin, tafin hannunta jawur da lalle, tana kallon hanya. Haka take yi: tana hango hular mutum sai ta amsa tun bai gama sallama ba, ta kwaɗa mini kira. Ni ban taɓa amsa sallamar gidana da kaina ba. Sai yanzu na lura.

"Malam," ta ce, ba ta ko juyo ba, "ka mai da ni katanga."

Ganyen bakina ya zube. "Hannunki nake tsaro, Kuluwa."

"Hannuna ai yanka yake yi. Abin da zai zubar ka tara." Ta ɗan yi dariyar nan tata ta gefen baki. "Don akuya na dasa shi, ba don mutane ba."

Ina so in ce mata gidan ya yi mini girma, tuwo ba ya shiga in ba ta nan, dare da rana duk ɗaya. Tanimu ya riga ni.

"Iya ina za a rage, Baba?"

Na duba ko'ina ban ga ma'auni ba. Sai Kuluwa ta miƙo hannu ta saman shingen ta ɗora mini a ƙirji. Sanyi ƙalau. Almakashin ya buɗe ƙafafunsa har suka tokare gabas da yamma, ya kawo su da ƙarfi.

Firgigit na farka. Gumi ya jiƙa bargon, rediyo ya koma shuuu, tafin hannuna yana kan ƙirjina. Na kashe rediyon. Can daga waje, ta bayan ganye, wata murya ƙasa-ƙasa tana sallama. Ban san ta nawa ba ce. Ban san ko Tanimu ne ba, don kamar na ji tari a ƙarshenta.

Ban nemi takalmi ba. Na ratsa tsakar gida, rassa suna yagar mini riga, ina ture su da hannu biyu, ban ma hango ƙofar ba tukuna na ɗaga muryar da ta shekara uku a ajiye:

"Wa alaikumus salam! Kada ka tafi, ina ciki!"