Dhan Maya a Gidan Wankin Mota

Gishirin da ake barbaɗa wa titunan birnin Columbus saboda ƙanƙara ya mayar da motar Dhan Maya fara fat. Mahaifinta, tsoho Harka, shi ya matsa lallai sai an wanke ta kafin su je gaida surukai, wai ba zai shiga gidan mutane cikin buhun gari ba. Ba ta daɗe da samun lasin tuƙi ba, kuma ba ta taɓa shiga gidan wankin da inji ke yi ba, amma ta bi layi.

Da aka zo kanta, wani ma'aikaci mai rigar leda ya yafuto ta har tayar gaba ta faɗa tsakanin ƙarafa biyu. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Nyutural!"

Ta san kalmar sarai. A ajin Turanci na manya malamarsu ta koya musu ita: idan maƙwabta biyu suna faɗa ka ƙi goyon bayan kowa, to kai ne nyutural. Dhan Maya ta duba dama da hagu, ba ta ga masu faɗa ba. Ta yi wa mutumin murmushi ta gyaɗa kai, ƙafarta na kan birki.

Injin da ke tura motoci ta ƙasa ya tunkuɗi tayar baya, motar ta girgiza ta ƙi tafiya. Ƙararrawa ta ɗauka, komai ya tsaya. A baya motoci sun toshe hanya, sun fara matsa oda. A gaba manyan buroshi sun tare ƙofa. Ta taɓa murfin motar, ta ga ƙarfe ba zai bari ya buɗu ba.

"Me yake cewa, 'yar nan?" in ji Harka.

"Wai kada mu shiga faɗan kowa, Baba."

"To wa muka tsokana? Kullum kina ɗauke da jaka zuwa makaranta, ashe shayi kuke sha."

Mutumin ya sake faɗa da ƙarfi, a rarrabe, kamar ƙarfin murya zai canja ma'anar. Sauran Turancin da ta tara duk ya gudu, ko "ban gane ba" ta kasa haɗawa. Wata mata a motar baya ta ɗaga waya tana ɗaukarsu.

Daga ƙarshe ma'aikacin ya ƙwanƙwasa gilas. Ta sauke, ya zura hannu ta gaban fuskarta ya tura giya zuwa wani harafi da ba ta taɓa amfani da shi ba, ashe shi ne nyutural ɗin da yake nufi, ya nuna mata ta ɗage ƙafa ta saki sitiyari. Motar ta fara tafiya da kanta. Kumfa ta rufe gilasai, ba a ganin komai, ita kuwa hannayenta na kan cinya.

Da suka fito ta samu gefen titi ta tsaya. Harka ya dube ta, bai ƙara tsokana ba. Ya ce gaisuwar surukai ba ta gudu, su koma gida kawai.