Yashi a Ɗakin Turai

"A ƙaro yashi," in ji Kaka ungozoma, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Aka ƙaro, aka barbaɗa a kan jinin, ɗaki ya koma tsaf kamar ba a haihu a cikinsa ba. Maƙwabciyata Turai ce ta sauka da hantsi, haihuwa ta bakwai, ni kuwa ina gefe riƙe da jaririyar. Tana kwance tana zolaya, wai yarinyar ta rasa abin ɗauka sai hancin ubanta Sule.

Na ce, "Kaka, jinin nan bai yi yawa ba? A kira Mahfuza mana."

"Jinin ƙazanta ne, ɗiyata. In bai fita ba, shi ke zama ciwo."

Mahfuza ita ce malamar ɗan asibitinmu a nan Runka. Bara aka kai su horo Katsina, ta dawo da wata allura da ta ce an gwada a kan dubban mata, an ga tana rage mutuwar masu zubar jini. Sharaɗinta ɗaya, a yi ta cikin awa uku da haihuwa. Inda aka gwada ta, leda mai awo ake shimfiɗa wa mace, ana ganin abin da ya zuba. Mu nan yashi gare mu. Ta yi ta bayanin nan a wurin awo da gidajen suna, har muka laƙaba mata Awa Uku.

"Ke dai akwai tsoro, Nana," in ji Turai. "Shida na haifa a ɗakin ga, wa ya ji ko tarina?"

Aka ƙara yashi, aka dama mata kunu. Bayan azahar ta ce sanyi take ji, sannan ta tambayi wanda ya rufe ƙofa, alhali ƙofar a buɗe take. Na ajiye jaririyar na fita a guje ba takalmi.

Mahfuza na shigowa ta sa ƙafa ta ture yashin. Ƙarƙashinsa ya jiƙe sharkaf har gindin bango.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Ta yi allurar duk da haka, ta ɗaura ruwa, tana murza cikin Turai da dukkan ƙarfinta. Ta ce yanzu kam sai ƙarin jini, sai babban asibiti.

Sule ya ruga wurin Lado mai a-kori-kura. Lado ya ce da safe aka tare hanyar, aka kwashe mutane, ko babur bai bi ta ba tun lokacin. Sule ya durƙusa masa a gaban jama'a. Lado ya fashe da kuka, amma bai tayar da mota ba.

Ana kiran la'asar Turai ta cika.

Mahfuza ta zauna a bakin ƙofa, kwalbar allurar, ba komai a ciki, a hannunta. "Tun safe tana cikin jakata," ta ce. "Lungu ɗaya ne tsakaninmu."

Haushi ya cika ni har wuya, na rasa wanda zan sauke wa. Kaka ce ta karɓi haihuwata, da yashin nan, kuma ga ni da rai.

Bayan ɗakin akwai itacen da Sule ya yi wata guda yana tarawa don wankan jegonta. A ciki muka zari 'yan ƙirare, muka ɗumama ruwan da za a yi mata wanka. Sauran yana nan a jingine.