Mutum Bakwai da Na Soke

Shekara biyu ke nan ina ƙirga mutanen wani ƙauye da ban taɓa takawa ba. Yana can cikin hamadar Arizona, inda ƙasar ƙabilar Hopi ta yi iyaka da ta Navajo. Aikin digirina na uku ke nan a Manchester: yadda garin ya kafu a bakin wani idon ruwa, ya cika da aka buɗe makaranta da kanti, sannan ya riƙa zarewa da ɗai-ɗai, matasa na guduwa birni. Ni ɗan Gumel, ina zaune a flat ɗina na Cheetham Hill, ba mai ce mini ci kanka, sai takardun ƙidayar wasu.

Gida na goma sha huɗu ne ya hana ni sakat. Wata tsohuwa ta ce wa mai ƙidaya su tara ne. Ya leƙa, daga ita sai mijinta. Sauran bakwan 'ya'ya ne da jikoki, duk suna birni, ɗaya ma shekara goma sha ɗaya rabonsa da garin. Haushinta ya kama ni, don ta dagula mini lissafi. Malamata, Dakta Zoe, ta ce in tsayar da ƙa'ida ɗaya. Na ce ai wannan ba abin wahala ba ne: wanda yake kwana a gida, shi ne ɗan gida. Na ɗauki jan biro na soke mutum bakwai, ko gezau.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Tun da muka rabu da Asama'u, a Small Heath take zaune da 'yarmu Hajar, mai shekara bakwai. Sau biyu a wata nake ganin yarinyar, kuma kullum da fargaba nake zuwa, kada wata rana in tarar na zama baƙo.

Hajar ta kawo mini aikin makarantarta da ɗoki. An ce su zana mutanen gidansu. Ga uwarta, ga ita, ga Usama ƙanen uwarta da ke jami'a, har kyanwa ta samu gurbi.

Na ce, "Hajar, ina Abba?"

"Miss ta ce only people who sleep here."

Na ce, "A wurinmu gida ba gini ba ne. Kakarki ta Gumel, in aka tambaye ta mutanen gidanta, har yau da ni take farawa."

Asama'u ta leƙo daga kicin. "Abban Hajar, kada ka rikita mini yarinya, abin da aka ce ta yi ta yi."

Hajar ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta koma. "Don't be sad, Abba, bari in sa ka a baya." Ta juya takardar ta zana ni a tsakiyar farin shafi, ni kaɗai, da jakata a kafaɗa. Na ce ya yi kyau. Da yamma na kama hanyar Manchester.

Ranar Litinin na buɗe jadawalin ƙidayar, na nemo gida na goma sha huɗu, na mayar da tara. Dakta Zoe ta ce hakan ya saɓa wa ƙa'idata, kuma sai na sake rubuta babi biyu. Na ce na sani, amma tsohuwar ta fi ni sanin gidanta.

Da na dawo flat na tarar da takardar council, wato ƙaramar hukuma, a bakin ƙofa, suna tambayar mutum nawa ke zaune a wannan adireshin. Na daɗe riƙe da biro. Hajar ba ta taɓa kwana a nan ba. Na rubuta ɗaya.